Idan likita ya zauna a ɗakin ɗan'uwansa likita

Likitan iyali yana yin mafi yawan aikinsa ne a bayan ƙofa. Mai tiyata yana da mai ba da maganin barci da ma'aikatan jinya tsaye a kansa, kowa na ganin hannunsa. Wanda ke zaune a GOPD, sashen duba marasa lafiyar da ba a kwantar ba, kuwa daga shi sai majinyaci, sai ɗan rakiya in akwai. Da zarar ya kammala horon ƙwarewa, yana iya shekara ashirin yana duba jama'a ba tare da wani likita ya taɓa ganin yadda yake yi ba. Duk al'adar da ya ɗauka, mai kyau ko maras kyau, da ita zai tsufa.

Shi kansa ba zai gane ba, kuma ba don rashin gaskiya ba. A 2006 David Davis da abokan aikinsa suka tattara bincike 17 a mujallar JAMA, inda aka gwada yadda likitoci ke auna ƙwarewar kansu da yadda wani na waje ya auna su. Cikin gwaji 20, a 13 awon biyu bai yi daidai ba, ko ma ya saɓa gaba ɗaya, kuma sau da yawa waɗanda suka fi rauni su ne suka fi amincewa da kansu. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Wannan ne dalilin da ya sa likitocin iyali a ƙasashe da dama suka mai da duba aikin juna wani ɓangare na sana'a. Michael Balint da matarsa Enid sun fara zama da likitocin unguwa a Landan a shekarun 1950, ana kawo majinyacin da ya tsaya wa likita a rai a tattauna. A Holand ƙananan ƙungiyoyin duba aikin juna sun kafu tun wajen 1980, Jami'ar McMaster a Kanada kuma ta gina nata tsarin na karatu cikin rukuni, wanda Sukotland ta ɗauka daga baya.

Darasi na farko shi ne, taron da ba a kawo shaida ba hira ce kawai. Idan likitoci shida suka zauna suna tattauna hawan jini, kowa zai faɗi abin da littafi ya ce, kowa ya tashi yana ganin haka yake yi. A kawo foloji. Mutum biyu sun isa a fara: kowa ya zaɓi abu guda da yake so a duba masa, ma'aikacin ɗakin kati ya ciro foloji 20 a jere daga rajistar wani mako da ya wuce. Kada likitan ya zaɓa da hannunsa, domin waɗanda yake tunawa su ne waɗanda ya yi wa aiki mai kyau. A rubuta tambayoyi uku zuwa biyar a takarda guda, masu amsar e ko a'a.

Ga misali da hawan jini. An rubuta awon yau? Idan ya kai 140/90 ko ya wuce a zuwa biyu a jere, an ƙara magani ko an canza? An tambayi ko yana sha kullum? An ba da ranar dawowa? Tambaya ta biyu ce take fallasa abu. Za a ga folda mai awo 160/100 wata uku a jere, ƙarƙashin kowanne an rubuta a ci gaba da magani, amlodipine miligiram 5 ɗin nan dai da aka fara da shi. Kowace rana likitan yana da hujja: majinyacin ya sha rana a layi, ko maganinsa ya ƙare shekaranjiya. Hujjar ba ta bayyana a matsayin al'ada sai an jera folojin a tebur guda. Haka zazzaɓi. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a yi gwaji kafin a ba da maganin maleriya. A duba mutum nawa aka ba maganin bayan gwaji ya nuna babu, da mutum nawa aka ɗora wa antibayotik da sunan taifod a kan gwajin Widal guda ɗaya, wanda shi kaɗai ba ya tabbatar da cutar a inda ta zama ruwan dare.

Amma folda abin da aka rubuta kawai take nunawa. Sauran sai an shiga ɗaki, kuma nan ne aikin ya fi daɗi ya fi wuya. Likita mai kallo ya zauna a kusurwa, bayan kafaɗar majinyaci, inda idonsu ba zai haɗu ba. Majinyata biyar zuwa takwas sun isa a zama ɗaya. Ba ya magana, ba ya gyaɗa kai, ba ya amsa tambaya ko da majinyaci ya juyo gare shi, sai in rai na cikin haɗari. Da ya sa baki sau ɗaya, mai ɗakin ya koma ɗalibi a gaban majinyacinsa, abin da za a gani daga nan wasan kwaikwayo ne. Izini kuma ma'aikaciyar jinya ce za ta nema a waje, kafin a shigo. In aka bari sai mace ta zauna gaban likitoci biyu sannan a ce ko ta yarda, kunya ba za ta bar ta ta ƙi ba. Idan za a duba jiki, mai kallo ya fita.

Me zai rubuta? Abin da ido ya gani da abin da agogo ya nuna. Beckman da Frankel sun auna a Amurka a 1984 cewa likita na katse majinyaci bayan daƙiƙa 18 a matsakaici. Wani bincike a Basel ta Suwizalan a 2002 ya bar majinyata su yi magana har su gama, sai ga shi matsakaicinsu daƙiƙa 92 ne, kusan kashi 80 cikin ɗari sun gama cikin minti biyu. Ke nan tsoron da muke yi cewa layi zai tsaya in aka bar mutum ya zuba ya fi gaskiyar lamarin girma. Mai kallo ya rubuta daƙiƙar da aka fara katsewa. Ya lura wa likita ke kallo idan miji ne ke amsa tambayar da aka yi wa matarsa, ko idan ana magana ta bakin tafinta. Ya lura ko an tambayi abin da aka riga aka saya a kemis da jiƙon da ake sha a gida, ko an yi wa mai ciwon suga da ke shan glibenclamide maganar azumi kafin watan Ramadan ya kama. Ya kalli awon jini da kansa: an bar mutum ya huta minti biyar? Hannu na daidai ƙirji? Maɗaurin ya dace da damtsen? Wani gwaji da aka buga a 2023 ya nuna maɗauri na gama-gari a kan damtse mai kauri sosai yana ƙara wa lambar sama kusan 20. A asibitin da maɗauri ɗaya ke yawo ɗaki-ɗaki, wannan na nufin ana ɗora wa wasu maganin da ba sa buƙata.

Tattaunawa a yi ta ranar, ko washegari in ya yi nisa, minti talatin a ɗaki rufe. Wanda aka kalla shi zai fara: yaya ya ga zaman, ina ya ji bai gamsu ba. Sau tari zai ambaci rabin abin da ke takardar da bakinsa, abin da mutum ya faɗa da kansa kuwa ba ya musunsa. Sannan mai kallo ya faɗi abin da ya gani ba tare da hukunci ba. «Dakta, ba ka sauraron mutane» zargi ne, amsarsa kare kai. «Dakta, baiwar Allahn nan ta uku ta fara maganar rashin barci, a daƙiƙa ta goma ka tambaye ta zazzaɓi, ba ta sake komawa kai ba. Me ka lura da shi a lokacin?» Wannan ana iya aiki da shi. A tashi da ƙuduri guda, mai lamba da rana: daga yau zuwa mako shida, duk wanda awonsa ya wuce 140/90 sau biyu, ko a ƙara magani ko a rubuta dalilin da ya hana. Guda ɗaya tak. Wanda aka ba gyara bakwai ba zai yi ko ɗaya ba.

Abin da ya fi kashe irin wannan shiri a asibitocinmu girma ne. Ƙaramin likita ba zai dubi wanda ya horar da shi ya ce an yi sake ba, «Cif, komai ya yi daidai» kawai za a ji. Tarbiyya ce, kuma ba abin a raina ba ce, sai dai a tsara aikin da saninta. A haɗa tsara da tsara. Idan dole ne babba da ƙarami, babban ya fara miƙa folojinsa, ya kuma nuna da bakinsa inda ya gaza kafin a taɓa na ƙaramin. Shugaban sashe kada ya zama abokin duba kowa, domin hannun da ke sa hannu a takardar ƙarin girma ba a buɗe masa rauni. Takardar da aka rubuta ta zauna wurin wanda aka duba, ba a fayil ɗin ofis ba. Ranar da abin da aka faɗa a ɗakin nan ya fito a takardar tuhuma ko a hirar kanti, shirin ya mutu, kuma da wuya ya sake tashi. Togiya ɗaya ce, a kuma amince da ita tun ranar farko: idan aka ga abin da ke jefa majinyata cikin haɗari, kamar likita na aiki cikin maye, za a faɗa masa sannan a kai gaba. Hoton folda a WhatsApp ma babu shi, amanar majinyaci ce, ga kuma dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023.

Akwai kishiyar wannan matsala: abokai biyu da ke shafa wa juna mai, kowane zama ya ƙare da yabo. Maganinta lambobin folda, da sauya abokin duba bayan wata shida.

Kada a sa rai da abin al'ajabi. Nazarin 2012 na Cochrane, ƙungiyar da ke tace binciken lafiya, wanda Noah Ivers ya jagoranta, ya haɗa gwaje-gwaje 140 a kan auna aikin ma'aikatan lafiya da mayar musu da sakamako, ya sami matsakaicin ci gaba na kashi 4.3 cikin ɗari. Kaɗan ne a ido, amma ga likitan da ke ganin dubban mutane a shekara ba kaɗan ba ne. Nazarin ya kuma nuna inda amfanin ya fi yawa: idan aikin yana ƙasa tun farko, idan abokin aiki ko na gaba ne ya kawo sakamakon, da baki da kuma a rubuce, fiye da sau ɗaya, tare da manufa da tsarin cim mata.

Saboda haka bayan mako shida a sake ciro foloji 20 da tambayoyin nan dai, ba a canza ko kalma ba. Foloji 20 ba su da yawa, tashi daga 11 zuwa 13 na iya zama sa'a, sai an yi zagaye uku kafin a ce an ga hanya. Idan lambar ta ƙi motsi, a nemi dalili kafin a ɗora wa likita. Wataƙila kayan gwajin maleriya sun ƙare a sito, ko an ƙara maganin amma majinyaci ya sayi na kwana goma don abin da aljihunsa ya iya ke nan. Irin wannan ba gyaran mutum ɗaya ba ne. A haɗa lambobin kowa wuri guda, a cire sunaye, a kai taron sashe tare da mai harhaɗa magunguna da shugabar ma'aikatan jinya, domin su ke riƙe da sito da maɗaurin awon.