Abin da na koya wajen haɗa sautin talabijin da kwamfuta

A shagon gyaran kayan lantarki inda nake koyon sana'a a nan Maradi, akwai wani ɗan ƙaramin aiki da ake kawo mana wanda ba ya samar da kuɗi mai yawa, amma ya fi manyan ayyuka da dama koya mini yadda ake bin diddigin matsala. Mutum yana da talabijin siririya ta zamani wadda lasifikarta ba ta da ƙarfi, yana kuma da kwamfuta a ɗaki mai lasifikoki biyu masu kyau, sai ya so sautin talabijin ya riƙa fitowa ta can, musamman a daren da ake buga ƙwallon Turai. Yawanci kafin ya iso wurinmu ya riga ya sayi waya a babbar kasuwa ya haɗa da kansa, kuma kukansa bai wuce uku ba: ko lasifika ɗaya ce kaɗai ke magana, ko sautin yana fashewa, ko kuma duka biyun suna magana amma abu ɗaya suke faɗi.

Wannan na ukun shi ne mutane ba su cika ganewa ba, domin da zarar sun ji amo yana fitowa dama da hagu sai su ɗauka sitiriyo ya samu. Sitiriyo sautuka biyu ne mabambanta da aka ɗauka daban tun daga tushe, aka kuma aiko da su ta hanyoyi biyu da ba sa gauraya, dabarar da injiniyan Ingila Alan Blumlein ya yi wa rajista tun 1931. Idan a ko'ina cikin tafiyar aka haɗe hanyoyin biyu suka zama ɗaya, to an rasa shi ke nan, kuma babu wata manhaja a kwamfuta da za ta sake raba su kamar yadda suke da farko. Saboda haka maigidana ba ya yarda a taɓa kwamfutar sai an gama da abin da ke gabanta. Duk sanda ya ga hannuna ya nufi allon, cewa yake: "Yaro, fara daga inda sautin ya fito, ba daga inda ya tsaya ba."

Inda yake fitowa a yawancin gidajen garin nan dikoda ce ta tauraron ɗan'adam, ko ta Canal+ ko irin waɗanda ake kama tashoshin kyauta da su. Har yanzu akwai gidajen da dikoda ke aika hoto zuwa talabijin ta wayar eriya zagayayya, musamman inda ake son raba hoton zuwa ɗaki biyu, kuma sautin da ke bin wannan wayar hanya ɗaya ce tak a kusan duk dikodojin gida, don haka duk abin da aka ɗebo daga talabijin ɗin bayan haka ba sitiriyo ba ne. Akwai kuma wani maɓalli na sauti a jikin rimot da yara kan danna ba a sani ba, wanda ke zaɓar sitiriyo, ko hagu kaɗai, ko dama kaɗai, kuma idan ya tsaya a kan hagu sai dikodar ta zuba sautin hagu a dukkan ɓangarorin biyu. An tanadi maɓallin ne saboda wasu tashoshi kan sa harshe ɗaya a hagu, wani harshen a dama. Duba shi bai kai minti ɗaya ba, amma na ga wanda ya sayi sababbin lasifikoki saboda shi.

Sai bayan talabijin, inda ramuka ja da fari ke ruɗin jama'a. Ja na dama ne, fari na hagu, rawaya kuma na hoto. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne cewa yawancin waɗannan ramuka na shigar da sauti ne, ba na fitar da shi ba, kuma rubutun IN ko OUT da ke kusa da su ƙanƙane ne, sau da yawa ƙurar hunturu ta rufe shi sai an goge da tsumma an haska tocila. Shi ya sa muka fi son ɗebo sautin kai tsaye daga dikoda, tunda ita ramukanta na fitarwa ne. Tsofaffin talabijin da dikodoji da suka shigo daga Faransa suna da wata babbar kafa mai haƙora 21 da ake kira Péritel, wadda ke ɗauke da hanyar shiga da ta fita a lokaci guda. Ƴar mahaɗar da ake sa mata tana da ɗan makunni mai juyawa tsakanin shiga da fita, kuma in bai koma ɓangaren fita ba, shiru za a ji. Ramin HDMI na kwamfuta kuwa, wanda samari da yawa ke zaton zai warware komai, a galibin kwamfutoci fitar da hoto da sauti kawai yake yi, ba ya karɓa.

Wayar da ake bukata tana da kawuna biyu ja da fari a gefe ɗaya, da siririn kai na milimita 3.5 a ɗaya gefen, kuma a kan wannan siririn kan ne na koyi ƙirga zobba. Idan baƙin zobe ɗaya ne a jikinsa, hanya ɗaya yake ɗauka, kuma da an cusa shi a ramin sitiriyo sai ya kashe ɓangaren dama. Mai zobba biyu shi ne daidai: tsininsa na hagu, tsakiyarsa na dama, gindinsa kuma na ƙasa, wato layin da wutar hanyoyin biyu ke komawa ta cikinsa. Mai zobba uku na abin saurare ne irin na wayar salula, wanda aka ƙara wa hanyar makirufo. Mai sayarwa a kasuwa zai ce duk ɗaya ne tunda duk suna shiga ramin, kuma ba na ganin laifinsa sosai, domin da ido kusan haka suke.

Wurin da aka fi yin asara shi ne ramukan kwamfutar kanta. A bayan kwamfutar tebur akwai kore na lasifika, ruwan hoda na makirufo, da shuɗi, kuma shuɗin nan da ba wanda ke kula shi, shi aka yi domin karɓar sauti daga wata na'ura ta hanyoyi biyu. Kusan kowa ruwan hoda yake nufa, saboda shi ya sani a matsayin ramin da sauti ke shiga. Amma an yi shi ne domin makirufo, wanda ƙarfinsa ƴan milibolt ne kaɗan, alhali abin da dikoda ke turowa ya kai ɗaruruwa, sai ya zama kamar juye ruwan tulu a kofin shayi: murya ta fashe, ihun ƴan kallo ya koma ƙara marar daɗi, ga shi kuma a yawancin kwamfutoci hanya ɗaya ramin yake karɓa. Kwamfutar cinya ta fi wuya, domin na yanzu rami ɗaya gare su mai haɗa abin saurare da makirufo, kuma layi ɗaya kacal ne a cikinsa ke shigar da sauti. Mai irin wannan sai ya nemi na'urar sauti ta USB mai ramin shiga na hanyoyi biyu, ya kuma yi hattara da ƴan ƙananan masu arha da ke da rami kore da ruwan hoda, domin su ma na makirufo ne.

Bayan duk wannan ne ake buɗe saitin Windows. Tunda yawancin kwamfutocin da ke hannunmu da Faransanci suke, ana shiga sashen ɗaukar sauti a zaɓi «Entrée ligne», a kunna «Écouter ce périphérique», a kuma tabbatar tsarin yana kan hanyoyi 2, misali a 48000 Hz. Windows 10 da 11 suna da wani zaɓi da aka tanada domin masu ji da kunne ɗaya, wanda ke haɗe dama da hagu, shi ma a duba ko a kashe yake. Gwajin da muke yi a ƙarshe ba ya bukatar wata na'ura: a zare farin kai daga dikoda ana cikin kallo, idan lasifikar hagu ce kaɗai ta yi shiru to hanyoyin a rabe suke daga dikoda zuwa lasifikoki, idan kuwa duka biyun suka ci gaba da magana, akwai inda suke gauraya. Kada kuma a yi hukunci da labarai, domin muryar mai karanta labarai a tsakiya take ko da sitiriyon gaskiya ne. Waƙa ko fim ko ihun filin ƙwallo su ke nuna bambancin. Wanda ke son gani da ido sai ya ɗauki sautin da manhajar Audacity ya kwatanta zanen sautin da ke sama, na hagu, da wanda ke ƙasa, na dama.

Abu biyu kan rage bayan sitiriyo ya samu. Na farko ƙugi ne mai kauri da ba ya yankewa, wanda wutar lantarki mai 50 Hz ke haddasawa idan dikoda da kwamfuta ba su haɗa ƙasa ɗaya ba, abin da ya zama ruwan dare a gidajen da muke shiga saboda yawanci ba a ja wayar ƙasa ba. Idan an zare wayar farantin tauraron ɗan'adam ko cajar kwamfutar cinya ƙugin ya ɗauke, an gano bakin zaren, sai a haɗa na'urorin a soket ɗaya, in bai isa ba a sa ƴar na'urar da ke raba ƙasar biyun a tsakiyar wayar sauti. Na biyu jinkiri ne, domin sautin da ya ratsa Windows yakan ɗan makara, har a ga bakin mai magana ya riga muryarsa, kuma idan an bar lasifikar talabijin a kunne sai a ji magana biyu na bin juna.

Wannan jinkirin ne ya sa yanzu nake fara tambayar mai aiki abin da yake so ya yi da sautin kafin in ɗauki kowace waya. Idan ɗauka zai yi ya ajiye, kamar ɗaliban jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da ke naɗar shirye-shirye domin karatu, ko malamin da ke adana tafsirin azumi, dole ne sautin ya bi ta kwamfuta. Idan kuwa sauraro kawai yake so, kuma lasifikokinsa masu tasu wutar ne, sai mu zare su daga koren ramin mu haɗa su da dikoda kai tsaye. Wani dattijo daga unguwar Zariya ya ɗan ɓata rai da na ba shi wannan shawarar, ya ce shi ta kwamfuta ya zo a yi masa. Na ce: "Baba, kwamfutar wuta kawai za ta riƙa sha, kuma duk sanda kuke son jin labarai sai kun jira ta tashi." Ya amince aka sa masa ɗan makunni mai zaɓar dikoda ko kwamfuta, lasifikokin suka zama na na'urorin biyu.