Finafinan dodanni na masu ƙaramin jari: inda suke burge ni da inda suke ba ni haushi

A fim ɗin dodo babu abin da ya kai shi dodon cin kuɗi. Jarumai za ka iya samun sababbin fuska su yi maka aiki a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, lokeshan kuma daji ne ko wani tsohon gida da ba kowa a ciki, amma shi gogan da aka manna a fosta, ko da roba za a ƙera shi ko da kwamfuta, duk daƙiƙa ɗaya da zai yi a gaban kyamara kuɗi ne ke zuba. To mai ƙaramin jari in ya zauna ya buga lissafi sai ya ga fim ɗinsa na minti 90 ne amma aljihunsa ba zai ɗauki dodo na fiye da 'yan mintuna ba. Ni a ganina duk daɗin waɗannan finafinan da duk takaicinsu daga nan suke tasowa, wato me mutum ya yi da ragowar lokacin da ba dodo a allo.

Masu wayo a cikinsu tun da daɗewa suka gano cewa rashin kuɗin nan ma taimako ne. A 1942 kamfanin RKO na Amurka ya ɗauki wani furodusa mai suna Val Lewton ya ce ya riƙa yi musu finafinan ban tsoro, da sharaɗin kada fim ya ci sama da dala 150,000, kada ya wuce minti 75, kuma su ne za su ba shi sunan fim shi kuma ya je ya nemo labarin da zai dace. Na farko da ya fitar shi ne Cat People, labarin wata mata da ta yi imanin cewa in kishi ko sha'awa ta motsa mata za ta rikiɗe ta koma baƙar damisa. Akwai wani sin a ciki da har gobe ake maganarsa, wata budurwa na tafiya ita kaɗai cikin dare a gefen wata doguwar katanga, fitilun titi jefi-jefi, tana jin ƙwas ƙwas ɗin takalmi a bayanta, can sai takun ya ɗauke ɗif, ta waiga ba kowa, ta ƙara sauri, ta sake waigawa, kai ma mai kallo ka gama sallamawa cewa yanzu za a dirar mata, kawai sai wani irin huci ya fashe a kunnenka. Ashe bas ce ta taka birki a gabanta ta buɗe ƙofa. Ko jelar damisa ba a nuna ba a wurin, amma wallahi sai ka ji gabanka ya yanke ya faɗi.

Dalilin a fili yake, ido wa ka raina, wanda nake gani yau da gobe. Da zarar ka ƙare wa dodo kallo tun daga ƙaho har farce to ka san iyakarsa, ka san girmansa, ka fara hango inda aka ɗinke robar. Amma wanda ba ka gani ba kai ne kake ƙera shi a kanka, kuma kowa ya fi kowa sanin abin da ke firgita shi. Ko Jaws na 1975, wanda shi ba za a kira shi fim ɗin talakawa ba, abin da ya cece shi kenan, injin kifin shak ɗin da suka ƙera ya yi ta lalacewa a ruwan gishiri, dole daraktan fim ɗin, Spielberg, ya koma nuna mana ruwa da ƙafafun masu iyo daga ƙasa da wasu gangunan roba ruwan ɗorawa suna gudu a saman teku. Da injin ya yi aiki lafiya lau ƙila da yanzu an manta da fim ɗin.

Sai kuma sauti, wanda shi ne dodo mafi araha a duniya. Gurnani daga bayan ƙofa, reshe ya karye a duhu, kare yana ta haushi sai a ji ya yi shiru lokaci ɗaya. Wannan ba ya buƙatar miliyoyi, kunne mai kyau kawai yake so da haƙurin zama wajen editin. Abin mamaki nan ne kuma da yawansu suke sakaci, za ka ga an kashe rabin kuɗin fim a kan haƙoran roba amma maganar jarumai ba ta fita, iska na ta bugun makirfo, kiɗa kuma ya danne komai.

Wani abin da nake so game da su shi ne ba su da mai tsawata musu. Fim ɗin da aka zuba wa dala miliyan 200 dole ya faranta wa kowa rai, galibi jarumi ba zai mutu ba, yaro ba zai mutu ba, ƙarshe dole a rungumi juna, saboda masu kuɗin ba za su yarda a yi caca da dukiyarsu ba. Shi kuwa wanda ya haɗa 'yan kuɗinsa da na abokai, wa zai hana shi? George Romero ya yi Night of the Living Dead a 1968 a yankin Pittsburgh da wajen dala 114,000, baƙi da fari, jinin ma da ruwan cakulan aka yi shi tunda ba kala balle a gane. Ya ba baƙar fata, Duane Jones, jagorancin fim a Amurkar wancan lokacin, ya sa shi ya kwana yana faɗa da gawarwaki masu tafiya ya tsira shi kaɗai, gari na wayewa sai masu aikin ceto suka hango shi ta taga suka ɗauka shi ma gawa ce suka harbe shi a ka. Shikenan fim ya ƙare. Babban kamfani ba zai taɓa sa hannu a wannan ƙarshen ba, kuma shi ne ya sa fim ɗin ya zauna a zuciyar mutane.

Ta ɓangaren kasuwa ma akwai kwaɗayi, don wanda ya kashe kaɗan ba ya buƙatar duniya ta kalla kafin ya mayar da uwar kuɗi. The Blair Witch Project na 1999 kuɗin ɗaukarsa bai wuce dala dubu 60 ba, ya kawo kusan miliyan 250, kuma har aka tashi ba wanda ya ga mayyar da fim ɗin ke magana a kanta. Sai dai fa irin wannan labarin shi ke yaudarar mutane, don a bayan kowane ɗaya da ya fashe haka akwai tulin wasu da ko dangin darakta ba su kalla har ƙarshe ba. Kuma harkar finafinan arhan nan makaranta ce, wannan ba musu. Furodusa Roger Corman, wanda ya rasu a 2024 yana da shekara 98, ya shafe rayuwarsa yana fitar da irin waɗannan finafinan cikin 'yan kwanaki, kuma a ƙarƙashinsa manyan daraktoci irin su James Cameron da Joe Dante suka koyi aiki, suna ƙera abubuwa da tarkace.

To yanzu bari in zo kan haushin.

Fosta maƙaryaciya ce, kuma ba yau ta fara ba. A shekarun 1950 kamfanin American International Pictures sai ya fara samo suna mai zafi ya sa a zana fosta, in masu gidajen silima sun nuna sha'awa sannan a zauna rubuta labari. Har yau salon bai mutu ba, sai dai ya koma hoton da kake gani a manhajar kallo, ƙaton maciji ya naɗe dogon bene, ka danna ka shiga, ka tarar da mutum biyar a cikin wani sito suna gardama. Shi kuma dodon in ya fito wani lokacin dariya ce ke ƙwace maka. A Robot Monster na 1953 kuɗin kayan mutum-mutumi ne babu, sai aka samo mai rigar goggon biri aka kifa masa kwalkwali irin na masu nutso a teku da 'yan eriya biyu a ka, aka ce wai shi ne ya hallaka mutanen duniya. A The Killer Shrews na 1959 kuwa manyan jaɓoɓi masu cin mutane ake nufi, amma kana kallo ka san karnuka ne aka lulluɓa wa gashi aka maƙala musu haƙora, tafiyar kare ai ba ta ɓuya.

Amma gaskiya waɗannan ina yafe musu, har ma ina jin su a raina. Wanda ba na iya yafewa shi ne dodon kwamfuta na arha. Roba ko ta kai yaya muni, aba ce da take wurin da gaske, hasken da ya sauka a fuskar jaruma shi ya sauka a kanta, in ta taka ƙasa ƙura na tashi, in ta cafki hannun mutum za ka ga rigarsa ta yamutse. Shi kuwa na kwamfutar da aka yi cikin gaggawa, ka lura da kyau in an nuno ƙaton kada ya fito daga tafki, ruwan bai motsa ba, ciyawar da ya bi ta kai ba ta kwanta ba, inuwarsa ko babu ko tana kallon wani ɓangare daban da ta bishiyar kusa da shi, jikinsa na sheƙi kamar yanzu aka wanke shi alhali kowa a wurin ya yi buɗu-buɗu. Ga jarumar tana ta kurma ihu tana kallon sama, shi kuma kadan yana ƙasa ta hagunta, saboda ranar ɗauka babu komai a gabanta sai wani ma'aikaci da ya ɗaga sanda ya ce kalli nan. Ba shi da nauyi, matsalar kenan, kuma abin da ba shi da nauyi ƙwaƙwalwa ba ta yarda zai iya cutar da kowa. Mafi muni, da yake kwamfuta ta sa nuna dodo ya yi sauƙi, sai suka daina ɓoye shi, tun minti na uku za a baje maka shi da rana tsaka.

Kuma kada a ce laifin kwamfuta ne. Gareth Edwards ya yi Monsters a 2010 da ƙasa da dala dubu 500, shi da 'yan mutane kaɗan suna yawo a mota a Meziko da ƙasashen kusa da ita, mutanen da suka tarar a hanya su suka zama 'yan rakiyar fim, sannan ya dawo gida ya zauna a ɗakinsa ya haɗa dodannin da kansa a kwamfuta. Amma ya san iya kuɗinka iya shagalinka, sai ya fi nuna ɓarnar da suka bari, jirgin ruwa a saman bishiya, allunan gargaɗi a bakin hanya, hotonsu dishi-dishi a talabijin, ya adana ƙarfinsa sai ƙarshe. Daga nan aka damƙa masa babban fim ɗin dodo na Godzilla, wanda ya fito bayan shekara huɗu.

Ɓoyewar ma akwai masu fakewa da ita su cuce ka. Duhu na dabara daban, duhun da ba ka ganin komai sai hasken tocila na lilo kyamara na karkarwa daban. In ka sa ni jira na awa ɗaya da kwata to ka ci bashi, dole a ƙarshe ka biya ni da wani abu, ko dodon ko wani tashin hankalin da ya kai shi. Wasu sai dai ka ga allo ya yi baƙi sunaye sun fara hawa, ka san kuɗi ne ya ƙare ba labari ba.

Babban ciwon dai, wanda ya fi dodon roba da na kwamfuta kashe waɗannan finafinan, shi ne mutanen ciki. Tunda dodo na 'yan mintuna ne, sauran fim ɗin gaba ɗaya da su za ka zauna, kuma sau da yawa ba mutane ba ne, layin abincin dodo ne kawai. Ga mai taurin kai da ba ya yarda akwai komai, ga mai barkwancin da ba ya ba da dariya, ga masoya biyu da za su ware su shiga daji, ga masanin kimiyya da zai tsaya gaban allo ya yi mana bayanin minti bakwai a kan sinadarin da ya zube a kogi. Ana jin gurnani a ɗakin ƙasa sai wani ya ce ku jira ni nan bari in duba, shi kaɗai, da tocilar da batirinta ya kusa mutuwa. Mota ba ta tashi, waya ba sabis, a yi ta nuna mana ana tafiya a daji ana tafiya ana tafiya don dai lokaci ya cika. Nan ne ba na karɓar uzurin talauci sam, domin rubuta mutum mai hankali wanda za ka damu in ya mutu ba ya cin ko sisi fiye da rubuta wawa, takarda ce da biro da zaman tunani. In na damu da mutum, ko inuwa ce ta gifta bayansa sai na tsorata. In ban damu da shi ba kuwa to ina bayan dodo, fatana ya yi sauri ya gama da su.

Akwai kuma sabon salon da ya fi ƙona min rai, na masu lalata fim da gangan. Tun da Sharknado ya fito a tashar Syfy a 2013, guguwa na kwaso kifayen shak daga teku tana watsa su cikin gari, jarumi ya faɗa cikin bakin kifi da zarton inji ya farke cikinsa ya fito, mutane suka yi ta dariya a Twitter, shikenan aka gano cewa shirme ma haja ce. Sai da suka yi shida zuwa 2018, wasu kuma suka bi sahu, a ɗauko dabba biyu a haɗa sunansu a yi fosta. Na farkon na yi dariya, ba zan ɓoye ba. Amma mai rigar goggon birin nan da gaske yake, so yake ya tsorata ka bai samu iko ba ne, shi ya sa kallonsa ke da daɗi, kana dariya kana tausaya masa. Waɗannan kuwa tun kafin ka yi dariyar sun riga ka, suna ƙyafta maka ido wai ai mun san shirme muke yi, don kada ka ce musu komai a kan aikin da ba su yi ba. Minti 20 nake iya ba irinsu, daga nan sai in nemi wani tsohon baƙi da fari in saka.