Na je inda ake saƙa rigar Ka'aba

Ni tela ne, ɗan shagona yana nan Shara Mansur a Makka, kuma yau kusan wata biyu kenan muna jayayya da Baffana akan aikin kwamfuta. Shi tun yana yaro a gida yake surfani da allura, aska biyu, aska takwas, duk ya yi su, to da na sayo keken aiki mai kwamfuta sai ya ɗaure fuska, wai mun kashe sana'a, wai yanzu kowane yaro ya danna maɓalli sai ya kira kansa gwani. Ban cika mayar mishi da magana ba saboda babba ne, amma abin yana cina wallahi.

Satin da ya wuce Allah ya yi na samu shiga masana'antar Kiswa da ke unguwar Ummul Jud, wato inda ake yin rigar Ka'aba. Tun 1927 Sarki Abdul'aziz ya buɗe wajen saƙa ta a Makka, da can daga Masar ake kawo ta, wannan ginin na Ummul Jud kuwa a 1977 aka buɗe shi. Na shiga ne da tunanin zan ga tsofaffi zaune da allura kawai, ashe abin ya wuce nan.

Abu na farko ma ruwa ne. Sai an tace ruwan an cire gishirin cikinsa kafin a wanke alharinin da ake saƙa rigar da shi, don ɗanyen alharini yana zuwa da wani danƙo a jikinsa wanda sai an wanke shi rini zai kama da kyau. Sannan akwai ɗakin gwaji, ana jan zaren da na'ura a ga ƙarfinsa, a duba ko baƙin zai koɗe. Kuma dole ne ai, duk wanda ya san ranar Makka ya san mayafin da zai yi shekara guda cur a tsakiyar Harami, ga zafi ga ƙura ga hannun mutane ba dare ba rana, ba a yi mishi rinin ganin dama.

Daga nan sai injinan saƙa, irin wanda ake kira jakad, sunan wani Bafaranshe ne da ya fito da dabarar a farkon shekarun 1800, da katuna masu huji yake gaya wa masaƙa zaren da za ta ɗaga da wanda za ta bari, yanzu kuma kwamfuta ce take wannan aikin. Da yawanmu mun ɗauka baƙin ƙyallen nan baƙi ne kawai. Matsa kusa ka gani. Rubutu ne a saƙe a ciki, baƙi cikin baƙi, Ya Allah, kalmar shahada, Subhanallahi wa bihamdihi, sai haske ya bugo ta gefe kake iya karantawa. Inji ne ya saƙa wannan, kuma ni dai ban ga inda ya rage mishi kwarjini ba.

Amma inda na daɗe a tsaye har aka fara kirana shi ne wajen masu surfani. An ɗaure ƙyallen a jikin katako ya miƙe tamau kaman fatar ganga, an buga ayoyin a kai da raga da tawada, ya'ani irin yadda masu buga riguna suke yi, rubutun kuma sulusi ne, wani salon rubutun Larabci na ado, da hannu mai rubutu yake fara tsara shi sannan a adana a kwamfuta don kar harafi ya karkace ko gwargwado ya ɓace. Mai rubutun Kiswa na wannan zamani Mukhtar Alam ne, wanda aka ba shi takardar zama ɗan ƙasa a 2021. To bayan bugun sai hannu ya karɓa. Na tsaya kan wani dattijo, ya fara cika cikin harafin da zaren auduga, yana jera shi yana tarawa har ya yi tudu, sannan ya ɗauko siririyar wayar azurfa mai ruwan zinare yana kwantar da ita a kai ɗaya bayan ɗaya, hannu ɗaya a sama ɗaya a ƙarƙashin ƙyallen, ko kallon na ƙasan ba ya yi. Shi yasa idan kana ɗawafi kake ganin harufan sun kumbura sun fito waje. Ɗamarar nan mai zinare da ta zagaye rigar ta sama kaɗai tsawonta mita 47 ne, kuma duk haka ake binta harafi harafi, wata da watanni, sai 1 ga Muharram a sauya rigar, don tun 2022 aka dawo da sauyin daga ranar Arfa.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne babu wanda na ga yana jin haushin wani a wajen. Mai ɗakin gwaji yana nashi, mai kula da inji yana nashi, da ba su yi ba ma dattijon nan ba zai samu ƙyallen da zai riƙe nauyin zinarensa ba. Ni kuma kekena ba zai taɓa tayar da harafi ya yi wannan tudun ba, na san wannan, na gwada a wuyan jallabiya ya fito a kwance shafal.

Da na dawo na nuna wa Baffa hotunan a waya bayan sallar isha'i. Injinan bai ko tsaya a kansu ba, da ya zo kan hannun dattijon sai ya ce in ƙara girman hoton, ya daɗe yana kallo, can ya ce auduga ce a ciki ko? Na ce eh Baffa. Ya ce gobe in kawo mishi wuyan jallabiyar nan da na buga da keke, da zaren auduga, zai nuna min yadda ake cika shi.