Yadda Indiya ta zama asibitinmu

Duk Bahaushen da ke zaune a Legas kuma yake da ɗan falon da za a iya shimfiɗa katifa, ya san irin wayar nan da ake bugowa daga gida, wane jiki ya ƙi daɗi, likita ya ce sai an fita da shi, za su sauka wajenka kafin biza ta fito. Wasu ta Abuja suke bi, amma da yawa nan suke zuwa saboda jirage sun fi yawa a Ikeja kuma akwai ɗan uwa a Agege ko Idi-Araba ko Mile 12 da zai riƙe su ba sai an kama otal ba. In ka tambaya ina za a kai shi, yawanci amsar ɗaya ce, Indiya. Akwai masu zuwa Masar, akwai masu Dubai, masu hannu da shuni su tafi Ingila ko Jamus, amma mutumin da dangi suka yi wa karo-karo aka sayar da fili aka haɗa masa kuɗi, Indiya yake dosa.

Da muna yara Indiya a wajenmu fim ce kawai, rawa da waƙa a silima, ba wanda zai ce maka can za a je a yi wa mutum aikin zuciya. To ya aka yi? Abin ya daɗe yana ci mini rai, kuma abin da na fahimta shi ne mutanen nan su ma sun taɓa zama a inda muke yanzu, masu kuɗinsu na fita waje neman magani, marasa shi na mutuwa a gida.

Dakta Prathap Reddy, likitan zuciya ne da ya yi aiki a Amurka ya koma gida, shi da bakinsa yake ba da labarin wani majinyacinsa mai ƙananan shekaru da ya rasu saboda ya kasa haɗa kuɗin zuwa Amurka a yi masa tiyata. Wannan ne ya tsaya masa a rai har ya buɗe asibitin Apollo a Madras, garin da yanzu ake ce wa Chennai, a 1983, da gado 150. Bayansa Dakta Naresh Trehan ya baro New York a 1988 ya zo ya kafa cibiyar zuciya ta Escorts a Delhi, daga baya a 2009 ya buɗe asibitin Medanta a Gurgaon. Dakta Devi Shetty shi kuma a Landan ya ƙware, ya dawo, ya kafa asibitin Narayana a Bangalore, kuma shi dabararsa ita ce a yi aiki da yawa a rana ɗaya, ɗakin tiyata ba ya zama haka nan, injin da aka saya da tsada yana aiki safe da dare, likita kuma saboda yawan yi hannunsa ya faɗa, sai kuɗin kowane aiki ya sauko. A 2009 jaridar Wall Street Journal ta rubuta cewa aikin buɗe zuciya a wajensa wajen dala 2,000 ne, alhali a Amurka daga dala 20,000 yake farawa har zuwa 100,000. Ka ga duk waɗannan mutanen suna da gurbi mai kyau a waje, ba korarsu aka yi ba, su suka zaɓi su dawo.

Sai maganar magani. A 1970 Indiya ta yi dokar da ta ba kamfanoninta damar haɗa irin magungunan da Turawa ke sayarwa da tsada ta wata hanyar haɗi daban, har zuwa 2005 da aka sauya dokar, shi ya sa suka yi nisa a harkar. A 2001 kamfanin Cipla ya ce zai ba da maganin ƙanjamau na shekara guda a kan dala 350, lokacin da ake sayar da shi sama da dala 10,000. In kana so ka gani da idonka shiga kowane kemis a Agege ko ka leƙa kasuwar Idumota ka juya bayan kwalin magani, sau tari za ka ga a Indiya aka yi shi. Asibitin da maganinsa a gida ake yi ai dole ya fi namu sauƙi, mu da kusan komai sai an shigo da shi da dala.

Gwamnatinsu ma ba ta zauna ba, a 1991 ta buɗe tattalin arziki 'yan kasuwa suka samu sarari, a 2005 ta fito da biza ta musamman don majinyata da wata don masu jinya, a wannan shekarar ce kuma asibitin Apollo na Delhi ya zama na farko a ƙasar da ya samu shaidar inganci ta hukumar JCI ta Amurka. Zuwa 2019 alƙaluman gwamnatinsu sun nuna baƙi wajen 697,000 ne suka shiga don magani, korona ta zo a 2020 ta karya shi ƙasa da 200,000, daga baya ya sake tashi. Mafi yawansu maƙwabtansu ne 'yan Bangaladash, sai irin su Iraƙi da Afghanistan da Oman, sai mu 'yan Afirka, Najeriya da Kenya da Tanzaniya.

Amma wallahi abin da ya fi jan mutanenmu ba waɗannan lambobin ba ne, tarba ce. Ka tura sakamakon gwaji ta WhatsApp, kafin 'yan kwanaki an dawo maka da amsa, ga abin da likita ya gani ga ƙiyasin kuɗi ga wasiƙar da za ka kai ofishin jakadanci. Ka sauka a filin jirgi ga direba riƙe da kwali da sunanka, a asibiti akwai ofis guda na baƙi zalla, Turanci ake yi, akwai tafinta ga Larabawa, ana samun abincin halal da wurin salla, likita ya zauna ya yi maka bayani har da zane a takarda. Mutumin da ya saba zaman benci tun asuba a ce masa likita bai zo ba ya dawo wani satin, in ya ga haka ai ya gama yarda tun kafin a taɓa shi. Sai dai kar a ɗauka kowane Ba'indiye ne ke samun wannan gatan fa, talakansu na kwana a bakin titi a gaban babban asibitin gwamnati na AIIMS a Delhi suna jiran layi. Abin da muke gani mu baƙi, ɓangaren 'yan kasuwa ne, kuma dalarmu suke so, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne.

Na ga abin kusa-kusa lokacin da Kawu, ƙanin mahaifiyarmu, ya sauka wajena za a yi masa dashen ƙoda, babban ɗansa ne zai ba shi. Kafin su zo ya daɗe ana masa wankin ƙoda, duk ya yi baƙi ya rame, ƙafa a kumbure, ruwa ma da awo yake sha. Takardunsa a wata tsohuwar ledar shadda suke, sakamakon jini da na hoto duk sun lanƙwashe, kullum da daddare bayan isha'i sai a baje su a tabarma, ɗan nasa na danna lissafi a waya ni ina kiran ɗan canji in ji nawa dala ta kwana. Matar Kawu kuwa, wadda muke ce wa Goggo, tana gefe tana ƙulla kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da garin tuwo a leda biyu-biyu, don an gaya mata abincin can yaji da kayan ƙamshi ne zalla majinyaci ba zai iya ba. Na ce "Goggo anya za su bari a wuce da daddawar nan?" ta ce "kai dai bar ni ɗan nan, in bai ci abin da ya sani ba da me zai warke." Kawu na kwance yana jinmu, abin da kawai yake maimaitawa shi ne kar a taɓa gonar gado, a sayar da shagon in ya zama dole.

A nan na san cewa dashe a Indiya ba abu ne na kai kuɗi a yi maka ba. Suna da doka tun 1994 da ta hana cinikin sassan jiki, baƙo dole ya zo da mai ba shi daga gida, a tabbatar ɗan uwansa ne, da takardun haihuwa da hotuna da gwajin jini da shaidar ofishin jakadancin ƙasarsa, sannan wani kwamiti ya zauna ya yi musu tambayoyi kafin a amince. Duk wanda ya ce maka ka taho kawai zai samo maka ƙoda a can, ka guje shi, kurkuku yake nema maka.

Wannan ya kawo ni maganar ejan, wato dillalan da ke haɗa majinyata da asibitocin can. Akwai na kirki, ban musa ba, amma da yawansu kamasho suke karɓa daga asibitin da suka kai ka, don haka inda za a fi ba su nan za su tura ka ba inda ya fi dacewa da ciwon ba. Wanda ya fara shigo mana ya ba mu wani farashi mai daɗin ji, sai da muka rubuta wa asibitin kai tsaye muka gane bai sa kuɗin masauki ba, bai sa gwaje-gwajen mai bayarwa ba, bai sa maganin da za a dawo da shi ba, balle in wani abu ya taso aka ƙara kwana a ɗakin kulawa ta musamman. Kuma ba na ganin laifin masu faɗawa hannunsu, wanda ruwa ya ci ko takobi ka miƙa masa kamawa zai yi. Manyan asibitocin nan duk suna da imel da lambar ofishin baƙi a shafinsu na intanet, yaro ɗan sakandare ma zai iya rubuta musu.

Ga kuma dala. Kafin Yunin 2023 da aka saki naira, a wajen 'yan canji dala tana wajen naira 750, a 2024 ta haura 1,500. A ce an rubuto maka dala 15,000, da miliyan 11 da 'yan kai ne, a 2024 ya zama miliyan 22 da rabi, ban da tikitin mutum uku ta Addis Ababa ko Doha. Gidaje nawa ne a cikinmu za su iya wannan?

Shi ya sa nake jin zafi in na tuna cewa wasu abubuwan ana yinsu a nan amma mutanenmu ba su sani ba ko ba su yarda ba. Dashen ƙoda na farko a Najeriya a nan Legas aka yi shi, a asibitin St. Nicholas a 2000, asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara nasa a 2002. A 2019 aka buɗe cibiyar kula da ciwon kansa a cikin asibitin koyarwa na Jami'ar Legas, wato LUTH, nan Idi-Araba, wurin da wasu 'yan uwanmu da ƙafa za su taka su je. Rashin yardar kuma yana da dalili, yajin aiki, ɗauke wuta, inji ya tsaya a ce sai an kawo injiniya daga waje, ƙwararrun likitoci kullum suna tafiya Ingila da Saudiyya. A Abuja shugabannin Afirka suka zauna a 2001 suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafi ga lafiya, mu masu masaukin baƙi har yau ba mu kai ba. Marigayi 'Yar'aduwa Jidda aka kai shi a 2009, marigayi Buhari ya yi sama da kwana 100 a jere a Landan a 2017 kuma a can ya cika a Yulin 2025, Allah ya jiƙansu da rahama, amma in shugaba bai kwanta a asibitin ƙasarsa ba da wane baki za a ce wa talaka ya kwanta. Likitocin Indiya komawa suka yi, namu fita suke yi, kuma ban ga laifinsu ba tunda ba a tanadar musu abin da za su dawo su tarar ba.

Abin da kusan ba wanda ke faɗa wa masu tafiya shi ne bayan an dawo. Kowa hankalinsa na kan ranar tiyata, a yi a gama a yi walima. Alhali wanda aka yi wa dashe zai sha maganin hana jiki ƙin ƙodar har ƙarshen rayuwarsa, irin su tacrolimus, kullum a kan lokaci, ba fashi ko na kwana ɗaya, kuma sai an riƙa auna jini ana duba yawan maganin don in ya yi kaɗan jiki zai yaƙi ƙodar in ya yi yawa shi kansa zai lalata ta. Ƙaramin zazzaɓi a wajensa ba na zuwa kemis ba ne. Na san gidan da aka kashe duk abin da aka mallaka aka yi aikin lafiya lau, aka dawo, maganin da aka taho da shi ya ƙare, ba kuɗin saye, aka fara tsallake kwanaki, ƙarshenta mutumin ya koma kan injin wanki. Haka masu kansa, a dawo ba cikakken rahoto, likitan nan bai san wane magani aka ba su ba ko sau nawa aka yi musu gashi, sai ya fara lalube.

Don haka in naka zai tafi, kafin a sayi tikiti a nemi likita a nan, a Legas ko Kano ko duk inda majinyacin zai zauna, wanda ya ga takardun kuma ya yarda shi zai ci gaba da dubawa in an dawo, a kuma tambaye shi tsakani da Allah ko aikin nan ana iya yinsa a gida. A can kuma kar a baro asibiti sai an karɓi cikakken rahoton sallama, da faifan hotuna, da ainihin sunan kowane magani ba sunan kamfani kawai ba, da lambar likitan da za a iya tuntuɓa. A cire kuɗin magani na aƙalla shekara guda a ajiye gefe tun kafin a canza sauran zuwa dala. Mu a gidanmu rabawa muka yi, kowane wata akwai wanda nauyin maganin Kawu da gwajinsa ke kansa, an rubuta sunaye a guruf ɗin dangi, kuma Alhamdulillah zuwa yanzu ƙodar na aiki, har ya koma zama a kasuwa da rana.