Yadda na kama wa rediyonmu saba tamu ta kanmu daga nan Gusau

Rediyon namu na intanet ne, ba wani babba ba ne, ɗaki guda ne a Tudun Wada, makirfo biyu, ƙaramar mikisa da laftop, sai fanka da ake kashewa in za a fara magana don kar ƙararta ta shiga. Tafsiri muke sawa, da karatun littattafai, da sanarwar ɗaurin aure da ta rasuwa, ranar Talata kuma wani ɗan'uwa ya kira daga kasuwar Talata Mafara ya faɗi kuɗin buhun gero da dawa da wake. Masu saurarenmu da yawa ba su ma cikin gari, 'yan Zamfara ne da nema ya kai Legas da Fatakwal da Agadas da Makka, mutum shina zaune a shago can amma hankalinshi na gida.

Da farko a 2020 na ɗauka laftop ɗin nan ma ta isa. Na sa mata Icecast, manhajar da ke rarraba sautin rediyo ta intanet, a cikin ɗaki komai na tafiya, wayata na kamawa, amma wanda ke waje ko alama. Na kwana biyu ina fama kafin na gane cewa layin waya ba ya ba ka adireshin IP naka kai kaɗai, ku dubbai ne a bayan adireshi guda, to wanda ke Legas ta ina zai ƙwanƙwasa maka ƙofa? Ko da ma ya samu ƙofar, kowane mai saurare sai ka tura mai nashi sautin daban, mutum hamsin layi hamsin, MiFi ba ta iya wannan, ga wuta da ba ta tsayawa.

Sai munka koma haya a wurin masu sayar da gurbin rediyo, kuɗi kaɗan a wata, su ba ka adireshi da fasawod ka riƙa turawa. Ana haka Satumba 2021 ta zo anka katse layukan waya a jihar baki ɗaya saboda matsalar tsaro. Rediyon ya yi tsit na makonni, don tsarin da munka saya in ba mu turo sauti daga ɗaki ba babu abin da ke fita. Abin ya tsaya mani a rai ƙwarai, lokacin da mutanenmu na waje sunka fi bukatar jin wani abu daga gida, ba su iya kiran iyayensu, sun buɗe rediyon ma shiru. Da ko karatu ne ke zagayawa da sun samu abin da zai ɗebe masu kewa. Azumin 2022 kuma wata matsalar ta fito, gurbin mutum 100 ne, ana fara tafsiri ya cika, saƙonni su yi ta shigowa, Malam ba ya kamawa, Malam mi ya faru.

Nan na fara binciken saba, wato kwamfutar da ke kunne a intanet dare da rana tana miƙa ma masu saurare sautin, wasu na ce mata uwar garke. Iri biyu ne a gabana. Akwai VPS, wato kwamfuta guda anka yanyanka anka raba ma mutane, kamar ka shiga motar haya ka biya kujera. Akwai kuma wadda za ka kama injin sukutum naka kai kaɗai, kamar shatar mota, ba mai sa maka kaya a but, amma in taya ta fashe a hanya kai ne da ita. Ta biyun nan na kama a farkon 2023, kuma tsakani da Allah in sauraro kawai ake magana VPS mai kyau za ta ɗauke mu, wannan sai daga baya na yarda da shi. Abin da ya sa ban yi nadama ba shi ne faifan ajiya, muna da rikodin ɗin karatu na shekaru da ke warwatse a filashi da memori, na biyu kuma wasu ƙananan tashoshi biyu na abokai sun shigo mun raba kuɗin haya.

Kuskuren da na kusa yi wurin zaɓe, na tsaya kallon ƙarfin furosesa da yawan RAM kamar mai sayen waya. Icecast ba ya cin waɗannan, aikinshi ya karɓi sauti ya rarraba, abin da yake ci faɗin hanya ne, wato yawan datar da ke iya wucewa a kowace daƙiƙa, da kbps da Mbps ake auna shi. Lissafin ba wuya, ku ɗauko biro. In kana tura sauti a 64 kbps, mutum 100 sun ja 6.4 Mbps, mutum 500 sun ja 32 Mbps. Injin da ke da hanyar 1 Gbps a takarda zai ɗauki sama da mutum dubu goma a wannan ma'aunin, mu ko kusa ba mu kai ba. Sai lissafi na biyu wanda mutane ke mantawa, na wata. Mutum guda a 64 kbps shina cin 28.8 MB a awa, in ya bar shi a kunne dare da rana wata guda ya haura 20 GB, mutum 100 irinshi sun haura 2 TB. To kafin ka biya ka karanta da kyau, hanyar ba iyaka ce ko akwai adadin da in ka wuce za su rage maka gudu ko su caje ka. Wani kamfanin ya rubuta ba iyaka da manyan baƙi, can ƙasa da ƙananan rubutu kuma ya sa sharaɗi.

Jamus na zaɓa. Amurka ta yi nisa, su kuma wayoyin intanet na ƙarƙashin teku da ke sauka Legas galibi Turai sunka nufa, ga injinan can sun fi araha. Wani ya tsorata ni da maganar jinkiri, amma rediyo ba kiran waya ba ne, in magana ta iso bayan daƙiƙa goma ba wanda ya sani. Na ɗauki mai faifai biyu da ke kwafar juna, RAID 1 kenan, in ɗaya ya mutu ɗayan na nan. Kusan Yuro 40 a wata. Biyan ne ya zama aiki, lokacin bankuna sun taƙaita kashe kuɗin waje da katin naira, wasu dala 20 kacal a wata, wasu sun rufe gaba ɗaya, sai wani ɗan ƙanwar babanmu da ke karatu a waje ya riƙa biya ina tura mai naira.

Ranar da anka turo mani bayanan shiga, bayan isha'i na zauna. Ba wani hoto ba linzami, baƙin allo ne kawai da rubutu. Na sa Ubuntu 22.04, wani nau'in Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da injin, na shiga ta SSH, hanyar sarrafa inji daga nesa, na kunna katangar tsaro ta ufw ban buɗe ƙofa ta 22 ba, ita ce kuwa ƙofar da nake shiga da ita. Da layin ya yanke na sake gwadawa, babu. Injin na can Jamus na aiki lafiya lau ni ina Gusau ba ni da hanyar taɓa shi. Sai da na bi ta shafin kamfanin na tada shi a yanayin ceto na gyara, ƙarfe biyun dare ta wuce. Ku buɗe 22 tukun kafin ku kunna katanga, kuma kar ku rufe tagar da kuke ciki sai kun gwada shiga ta wata sabuwa.

Daga nan sai Icecast, kyauta ne, gidauniyar Xiph.Org ke kula da shi, a ƙofa ta 8000 yake zama in ba ka canza ba. Akwai SHOUTcast ma wanda ya riga shi fitowa tun 1998, ni dai Icecast na saba da shi. Duk saitin na cikin fayil guda, icecast.xml, kuma abu biyu a ciki kar a wuce su. Fasawod ɗin da yake zuwa da shi hackme ne, duk duniya an san shi, in ka bar shi wani zai iya hawa tasharka ya sa abin da ya ga dama da sunanka, ka yi tunanin haka a tsakiyar tafsiri. Na biyun shi ya kama ni. A fayil ɗin akwai layin da ya ƙayyade masu saurare, kuma 100 yake zuwa da shi. Daren gwaji na zuba ma shafin ƙididdiga ido, lamba ta hau ta hau ta tsaya cak a wajen ɗari, saƙonnin nan dai sunka dawo, ba ya kamawa. Na biya kuɗin inji guda don in tsere ma ɗari ga ni a ɗari. Layi guda ne, na maida shi 2000 na sake tada shi. Shi ma Linux ɗin kanshi yana da iyakar haɗi 1024 ga kowane shiri in ba a ɗaga ba, gara a ɗaga tun kafin ranar cika.

Abin da ya fi komai amfani a wurina shi ne wata manhaja Liquidsoap. Shi ne mai gadin da ba ya barci, na zuba mai karatuttukan a faifai na tsara mai jadawali, in muna magana kai tsaye daga ɗaki ya ba mu hanya, layinmu na yankewa ya ɗauko rikodin ya ci gaba, muna dawowa ya sake ba mu. Daga laftop da wata 'yar manhaja BUTT muke turawa, kuma layi guda kawai muke turawa komai yawan masu saurare, shi ya sa MiFi da ke rataye a taga ta wadatar, ba gudu ake nema ba tsayuwa ake nema. Wanda ba ya son rubuce-rubucen nan ya sa AzuraCast, ita ma kyauta ce, ta haɗa Icecast da Liquidsoap a shafi mai maɓallai, da ita zan ce ma sabon shiga ya fara.

To shi wanga mai gadi shi ya kusa ja mani abin da ba zan manta ba. Agogon injin a lokacin Jamus yake, ban kula ba don a watannin sanyi lokacinsu da namu ɗaya ne, komai na fita a kan kari. Azumin 2023 ya kama ranar Alhamis 23 ga Maris. Ranar Lahadi 26 ga wata, azumi na huɗu, Turawa sunka tura agogonsu gaba da awa guda kamar yadda suke yi duk Lahadin ƙarshe ta Maris. Shirin sahur da na sa ƙarfe huɗu ya tashi ƙarfe uku. Kawuna ne ya kira ni, shi da rediyon yake kwana a kunne, ya ce kai lafiya kuke tada mutane yanzu? Na ce Kawu bari in duba. Ina dubawa gabana ya faɗi, don a jadawalin nan akwai sanarwar shan ruwa da na sa ta fita da kanta da magariba, da ban gano ba da ta fita rana na sama, kuma akwai tsofaffi da marasa lafiya a ɗaka da za su iya yarda da ita. Umarni guda ne ya gyara, timedatectl set-timezone Africa/Lagos, na sake tada Liquidsoap. Amma daga ranar na cire sanarwar shan ruwa daga hannun inji kwata-kwata, in ba mutum a gaban makirfo ba a yin ta. Dama can bai kamata ba, wanda ke Legas da wanda ke Makka ba lokacinmu guda ba.

Maganar ingancin sauti kuma masu saurare ne sunka koya mani. Na fara da 128 kbps don ya yi daɗi a kunne, sai wani mai sayar da albasa a Legas ya turo saƙon murya, ya ce rediyonku na da daɗi amma shina shanye mani data. Na zauna na lissafa, 128 na cin 57.6 MB a awa, tafsirin awa biyu kwana talatin ya kusa 3.5 GB. A 32 kbps kuwa 14.4 MB ne a awa, watan duka bai kai 1 GB ba. Mu magana muke watsawa ba kiɗa ba, murya guda ba ta bukatar sitiriyo. Na buɗe hanya biyu, ƙarama 32 da tsarin matse sauti na HE-AAC, babba 64 da MP3 don tsoffin wayoyi da ba su gane waccan, na sa ƙaramar ta zama ita ke fara buɗewa. Ƙorafin yankewa ma ya ragu sosai, don inda sabis ke da sanda ɗaya ko biyu ƙaramar na ratsawa.

Sai HTTPS, makullin tsaron nan da ake gani a burauza, a gurguje. In shafinka na da makulli sautin kuma ba shi da shi, burauza na iya ƙin kunnawa. Na sa wata manhaja Nginx a gaban Icecast na karɓi takardar makulli ta Let's Encrypt, kyauta ce amma kwana 90 take yi, a tabbatar sabuntawar na tafiya da kanta.

Abu biyu har yanzu ban gama da su ba. Kuɗin hayar a Yuro bai wani motsa ba, amma tun da anka saki naira a Yunin 2023 abin da nake turawa ya ninka, da ba don raba kuɗin da muke yi mu uku ba da tuni na koma VPS. Na biyu, ranar 14 ga Maris 2024, shi ma cikin azumi, wayoyin teku da dama sunka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ta yi rauni a Najeriya. Injin na can lafiya, na Makka na jin rikodin, mu kuma a ɗaki mun kasa isa gare shi yadda ya kamata, na cikin ƙasa ma sai yankewa. Tun lokacin nake son in sa wata ƙaramar saba a Legas ta riƙa karɓa daga ɗaki ta ba na gida, ita kuma ta miƙa ma ta Jamus, Icecast na da wannan tsarin na miƙa sauti daga saba zuwa saba. Na tambayi farashi a wurare biyu, faɗin hanyar da suke bayarwa bai kai na can ba kuma kuɗin ya fi, na dai rubuta lissafin a bayan littafin sanarwa, sai mun zauna da sauran biyun bayan sallah.