Ɗigon jirgi a waya

Yau da safe na buɗe manhajar da muke bibiyar kaya, kawai na ga ɗan ɗigon jirgin ruwan da ya ɗauko kwantenarmu ya karkata kudu, ashe zagaye Afirka zai yi maimakon ya bi mashigin ruwan Suez da ke Masar, ƙarin kwana goma ko fiye kenan, ga uban man da zai sha. Wallahi zuru na yi wa ɗigon nan kamar in tura shi da yatsa. Sai na tuna 2021 da katafaren jirgin dakon kaya Ever Given ya tokare Suez kwana shida, kowa ya ji a jikinsa.

Waya tana nuna min har gudun jirgin fa, amma sito wayam, kuma mai kawo mana kayan nan ɗaya ne tal.