Ranar da jirgina ya hau tirela

Jirgin Cessna 150 ne, mai kujera biyu, irin waɗanda aka riƙa ƙerawa daga 1958 zuwa 1977. Na saye shi bayan ya shafe shekaru a rumfa ba a tayar da injinsa ba, takardun binciken lafiyarsa kuma sun daɗe da ƙarewa. Ba halin a tashe shi sama. Tsakanin inda yake da inda za a gyara shi kusan kilomita 400 ne, don haka sai tirela.

Da na zauna lissafi, nauyi na sa a gaba, na kuma ji daɗi da na ga jirgin bai fi kilo 500 da ɗoriya ba in babu mai, ƙaramar mota ma ta fi shi. Injiniyan da na ɗauka ya ce, "Maigida, bar zancen nauyi, ɗauko abin awo mu duba faɗi." Daga bakin fiffike zuwa bakin fiffike mita 10 ne, alhali a yawancin ƙasashe faɗin kayan da doka ta yarda a hau titi da shi ba tare da izini na musamman ba bai wuce mita 2.5 zuwa 2.6 ba. Cire fukafukai kam na san da shi. Abin da ban hango ba shi ne ƙaramin fiffiken da ke kwance a wutsiya, wanda shi kaɗai ya kai mita 3. Ko mu nemi izini, ko shi ma mu kwance shi. Muka kwance.

Batir muka fara cirewa, sannan mai. Tankunan a cikin fukafukai suke, suna ɗaukar kusan lita 98, kuma akwai ragowar shuɗin man jirgin nan da ake kira 100LL a ciki. Kafin a buɗe, Injiniya ya sa wayar ƙarfe ya haɗa jirgin da durom ɗin da za a juye man a ciki, domin tartsatsi ɗaya ya isa ya gama da mu da jirgin.

Kwance fiffike aiki ne na haƙuri. A gindinsa akwai bututun mai, wayoyin fitila, da igiyoyin ƙarfe masu juya sassan da ke motsi. Kowanne sai da muka liƙa masa lamba muka ɗauki hoto. A mahaɗar baya akwai wasu ƙananan zobba da raminsu ba a tsakiya yake ba, da su ake daidaita kwanciyar fiffiken. Na miƙa hannu zan zare ɗaya, Injiniya ya riƙe ni, ya ɗauko alƙalami ya ja layi daga zoben zuwa jikin ƙarfen. Ya ce in suka juya, to jirgin zai riƙa karkata gefe guda a sama, sai an yi ta tashi ana sauka kafin a gano daidai. Da aka zare sandar da ke tokare fiffiken, mutum biyu suka tallafe bakinsa, ɗaya a gindi, ba wanda ya saki sai da notin ƙarshe ya fita.

Mun yi wa fukafukan shimfiɗa da katako da faffaɗan yankin kafet, kowanne ya zauna a tsaye, goshinsa na ƙasa, kamar jariri a majanyi. Fatar jirgi alminiyon ne siriri, gwiwa kawai za ta lotsa shi. Shi ya sa gangar jikin ma ba mu ɗaure ta ko'ina ba sai a ƙafafu, kusa da tayoyi, inda aka gina ta don ɗaukar duka. Muka cire farfela, muka toshe duk wata kafa da ke buɗe, muka kashe na'urar nan mai aika kiran neman ceto idan jirgi ya faɗi, don gargadar hanya na iya tayar da ita a fito neman hatsarin da bai faru ba.

Kuskuren nawa ne ni kaɗai. Hadari ya haɗo, na ce sai an rufe gaban jirgin da tamfol. Injiniya ya ce, "Maigida, ruwa ba ya cin jirgi, tamfol ke ci." Na nace, ya yi shiru ya taya ni ɗaurewa. Bayan tafiyar kamar awa guda muka tsaya dubawa, sai na tarar kusurwa ɗaya ta kwance, iska tana ta kaɗa ta. Zoben ƙarfen da ke bakin tamfol ɗin ya yi ta dukan gilashin gaba, wanda dama roba ce ba gilashin gaske ba. Ya bar wani farin tabo mai faɗin tafin hannu, daidai inda matuƙi ke kallon titin sauka. Na sa yatsa na ji kaushinsa, raina ya ɓaci ƙwarai, domin jirgin ya yi shekaru a ajiye wannan wurin bai ko ƙwarzane ba. Muka yaye tamfol ɗin, aka yi ruwan, bai yi masa komai ba.

A wannan tsayuwar muka ga ɗauri biyu sun saki, saboda ƙafafun jirgin suna lanƙwasa suna miƙewa a kowane rami. Daga nan duk bayan kilomita 50 sai mun tsaya mun taɓa kowane ɗauri da hannu, direba kuma bai ƙara wuce gudun 70 ba. Tafiyar da mota ke yi a awa biyar ta cinye mana yini cur.

Kwancewa ta ɗauke mu kwana biyu, mayarwa ta haura mako uku, don Injiniya ya ƙi mayar da tsofaffin notuna masu kulle kansu, sai da sababbi suka iso. Layukan alƙalaminsa suna nan a kan zobban, kowanne ya koma mazauninsa. Gilashin kuwa an goge an goge tabon ya ƙi fita, sai da na sayi sabo kafin ya sa hannu a littafin jirgin.